Ta yaya dokar Turai ke kama kamfanin Amurka?

Malam, ka tambaya ko dokar wata ƙasa na hawa kan kamfanin intanet da hedikwatarsa ke wata nahiyar. Tana hawa kuwa. Dokar kare bayanan jama'a ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ba ruwanta da inda ofishinka yake. Muddin kana ciniki da mazauna Turai ko kana bibiyar sawunsu a intanet, ta shafe ka. A Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ayalan, ƙasar da ke cikin Tarayyar, ta ci Meta, mai Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Tara na iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara, shi ya sa daraktoci da kansu ke zama a kan batun yanzu, ba sa barin sa ga ma'aikatan kwamfuta kaɗai.