Fatawa: Matsayin Musulmi kan dokar Tennessee da ta hana wasan batsa a gaban yara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a Memphis, jihar Tennessee ta Amurka. An yi dokar da ta hana wasannin da maza ke shigar mata suna rawa a inda yara za su gani. Wasu a masallacinmu sun ce wajibi ne mu mara mata baya, wasu kuma sun ce an yi ta ne don a takura wa masu sauya jinsi, kuma zalunci ne. Mene ne hukunci? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sai mu fara sanin abin da dokar ta ce kafin mu ɗora mata hukunci.

Gwamna Bill Lee ya sa mata hannu a watan Maris na 2023. Ta hana wasan batsa na manya a filin gwamnati ko a inda wanda bai kai shekara 18 ba zai iya gani, kuma cikin waɗanda ta lissafa har da masu kwaikwayon maza ko mata. Laifin farko hukuncinsa ɗaurin da bai kai shekara ba da tarar da za ta iya kai dala 2,500. Wanda ya maimaita yana iya shan shekara ɗaya zuwa shida. Amma akwai sharaɗi: sai wasan ya zama mai cutar da yara, wato yana motsa sha'awa, ya keta haddin kunya, kuma ba shi da wata ƙima ta adabi, fasaha, siyasa ko kimiyya. Alƙali Thomas Parker ya soke ta a Yunin 2023 saboda lafazinta ya yi faɗi kuma bai fito sarari ba. A Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce waɗanda suka kai dokar ƙara ba su da hurumin yin hakan, dokar ta dawo.

Abin da ya shafe ka kai tsaye ba shi da saɓani. Haramun ne uba ya kai ɗansa wurin wasan batsa, ko akwai doka ko babu, ko mai wasan namiji ne cikin kayan mata ko mace ce cikin nata. Allah ya ce a suratut Tahrim mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta. A suratun Nur ya umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini a lokuta uku: kafin asuba, lokacin ƙailula da bayan isha'i. Idan an tsare idon yaro daga tsiraicin iyayensa a cikin gida, ina ga dandali? Kuma hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza.

Don haka mara wa manufar dokar baya ya halatta, taimakekeniya ce a kan alheri. Amma cewa wajibi ne kowane Musulmi ya goyi bayan wannan lafazin nata, wannan kuskure ne. Doka ce ta mutane, ana duba maslaha da ɓarnar da ke cikinta.

Damuwar ɓangare na biyu ma ba a watsar da ita. Shari'a tana hukunta aiki bayyananne, ba ta yarda a bi mutum da bincike saboda kamanninsa ba. Imam Nawawi ya raba mukhannasi, wato namiji mai ɗabi'ar mata, gida biyu: wanda aka halicce shi da laushin murya da tafiya, wannan babu zargi a kansa, da wanda yake ƙirƙirar hakan da gangan, shi ne hadisin ya nufa. Mata-maza kuwa malaman fiƙihu sun ware masa babi a gado da salla, ba su mai da shi mai laifi ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka ta yanke a 1989 cewa sauya jinsi ga wanda halittarsa ta fito fili haramun ne, amma yi wa mata-maza aikin da zai bayyana jinsin da ya rinjaya magani ne halastacce. Wanda ya sauya jinsi ya aikata abin da ba mu yarda da shi ba, amma jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa ba su halatta gare ka ba. Idan maƙwabcinka ne, haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Kiran 'yan sanda a kan wanda ke sayayya a kanti don shigarsa ƙarar ƙarya ce, domin dokar kanta ba ta hana haka ba. Suratul Ma'ida ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci.

Ku ma kuna da rabo a wannan taka-tsantsan. Doka mai faɗin baki tana hannun wanda ke aiwatar da ita, kuma ku 'yan tsiraru ne masu jallabiya da niƙabi. Idan masallacinku zai rubuta wa ɗan majalisa, ku nemi lafazin da ya ambaci ayyukan batsa ɗaya bayan ɗaya, ya shafi kowane mai wasa, ya ɗora wa mai wurin alhakin duba shekaru a ƙofa. Kada ku sa hannu a takardar da ke zagin mutane ko kiran a far musu.

A gida kuma, ka duba jadawalin laburare da bukukuwan gari kafin ka tura yara, ka nemi makaranta ta sanar da kai a rubuce kafin darussan da suka shafi jinsi. A Yunin 2025, a shari'ar Mahmoud da Taylor, wadda iyaye Musulmi na jihar Maryland ke cikin masu ƙara, Kotun Ƙoli ta goyi bayan iyayen da suka nemi a cire 'ya'yansu daga karatun littattafan da suka saɓa wa addininsu. Ka tuntuɓi lauya kan yadda hukuncin zai yi aiki a gundumarku. Kuma wayar da ke hannun yaro tana kawo masa abin da dokar ba ta kai gare shi ba. Sa mata manhajar tace batsa, kada ta kwana a ɗakinsa.

Allah ne mafi sani.