Me ya sa Dracula ya zo a wasiƙu da diyari?

Tambaya: Malam an ba mu aikin nazarin tsarin littafin Dracula amma ya rikita ni, yau wannan ke magana gobe wancan, ta ina zan fara?

Amsa: Rikicewar nan da kika ji da gangan marubucin littafin, Bram Stoker, ya shirya ta a 1897. Littafin ba shi da mai ba da labari guda ɗaya, tarin takardu ne, diyari da wasiƙu da talgiram da yankan jarida, har da littafin kyaftin ɗin jirgin ruwan Demeter da ya iso garin Whitby na Ingila babu mutum mai rai a ciki sai gawar kyaftin ɗaure da sitiyari.

Babi huɗu na farko wani matashin lauya Jonathan Harker ne kaɗai ke magana, a fadar Dracula mai shan jinin mutane can Transilbaniya, muna tsare tare da shi, abin da bai gani ba mu ma ba mu gani ba. Sai kwatsam a babi na 5 aka yanke, muka koma Ingila wajen wasiƙun Mina, wadda Harker zai aura, da ƙawarta Lucy suna hirar samari da aure alhali mu mun riga mun san abin da ke tafe su ba su sani ba, to a nan tsoron yake, mai karatu ya fi mutanen labarin sani. Lucy tana ramewa Dakta Seward yana ta ɗaukar bayani a na'urar ɗaukar murya ya kasa gane ciwon.

Amma inda ni nake so ki fi tsayawa shi ne lokacin da Mina ta zauna da tafireta ta buga duk takardun ta jera su bisa kwanan wata, sai a lokacin ita da abokan tafiyarta suka gane tafiyar maƙiyinsu Dracula. Wato tsarin littafin da kansa makami ne a cikin labarin, shi ya sa Dracula ya shiga ya ƙone takardun, Allah ya sa akwai kwafi a akwatin ƙarfe.

Sannan ki lura shi Dracula bai rubuta diyari ko ɗaya ba, maganarsa kusan duk ta bakin masu farautarsa muke jinta. Wannan ya isa babi guda a aikinki.

Ki ɗauki takarda ki ja layi uku, kwanan wata, mai magana, da abin da bai sani ba a lokacin, ki bi babi 27 ɗin a haka. Kuma kar ki tsallake ɗan bayanin Harker na ƙarshe bayan shekara 7, inda ya ce kusan babu takardar asali ko ɗaya a tarin sai bugun tafireta, ki tambayi kanki me ya sa Stoker ya rage wa hujjarsu ƙarfi da hannunsa.