Oba-oba ba za ta kai muryarka Turai ba

*Na ga oba-oba ƙirar Baofeng a kasuwa. Mai shago ya ce da ita zan riƙa hira da masu sha'awar rediyo har a Turai. In saya? — Ɗalibi, Zariya*

Mayar da kuɗinka aljihu. Oba-oban Baofeng irin su UV-5R wat 5 ne ƙarfinsu, kuma zangon da suke aiki a kai miƙe yake tafiya, gini ko tudu na tare shi. A cikin gari, in ka samu 'yan kilomitoci ka gode Allah. Mai kai murya Turai shi ne gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, irin wanda iyayenmu ke kama BBC da shi: ya bugi sararin sama ya faɗo wata nahiya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muke gaskata kwali. Mai shagon ma abin da ya gani a rubuce yake maimaita maka. Haka wayar da ke haɗa na'ura da eriya: akwai ta jabu, wadda ƙarfe ce aka shafa wa jan ƙarfe. Sa maganaɗisu a aljihu, in ya kama zaren tsakiya, bar musu kayansu. Cajar waya da inbata masu araha kuwa, shuuu ɗin da suke zubawa a rediyo ya isa ya binne duk wata murya daga nesa.

*Ina son harkar, amma kuɗina kaɗan ne, ina tsoron asara. — Malama, Maraɗi*

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, tsoron nan ne zai cece ki. Fara da saurare. Jami'ar Twente ta Holan tana da rediyon da ake murɗawa kyauta ta intanet. Tsaya tsakanin megahaz 14 da 14.35 ki ji yadda ake kira da amsawa. In za ki sayi ƙaramar rediyon saurare, ki tabbata tana da SSB, wato salon aika murya da masu wannan harka ke amfani da shi, in ba haka ba muryoyin kamar kukan agwagwa za ki ji su. Eriya ba ta da tsada: waya biyu, kowace kimanin mita 5, a ɗaga su sama sosai. Babbar na'urar aika murya mai wat 100 ta jira sai kin samu lasisi da lambar kira, wato lambar da za a san ki da ita a rediyo. Ta Nijar da 5U take farawa, ta Nijeriya da 5N.

*Dole sai da lasisi? Wa zai gan ni? — Kaduna*

Dole. Babu mai amsa wa wanda ba shi da lamba. Kuma a wannan yanayi, gwada yi wa jami'an tsaro bayanin eriya a kan rufinka babu takarda.