Dariyar faɗuwar wani mugunta ce?

Ka ce ba ka gajiya da kallon bidiyon mutum ya zame a jiƙaƙƙen daɓe ko ya faɗo daga keke, har kana tsoron ko mugun hali gare ka. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, sai dai ka lura da inda dariyar take tsayawa.

A 2010 masu bincike Peter McGraw da Caleb Warren sun bayyana cewa abu yakan ba da dariya ne idan ya karkace amma bai cutar ba. Shi ya sa in mutumin ya miƙe yana karkaɗe wando sai ka kece da dariya, amma da ka ji kansa ya bugu da siminti, ƙum, sai ka yamutsa fuska. Ni a nan nake kawar da wayar.

Jamusawa na kiran jin daɗin wahalar wani Schadenfreude. Binciken da wani masani mai suna Takahashi ya jagoranta a 2009 a Japan ya nuna sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa ya fi motsawa idan wanda ake wa hassada ne abu ya kwaɓe masa. Masu ƙarancin tausayi sun fi jin daɗinsa. In kana neman bidiyon da aka ji ciwo sosai, ko kana maimaita na wanda kake ƙyashi, to a nan za ka tuhumi kanka.