Sensar salansa uku a shekara guda: me ke cinye su?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina da Corolla 'yar Amurka, ƙirar 2006, da nake haya da ita tsakanin Taminus da Bukuru. A shekara guda na canza sensar oksijin sau uku, biyu 'yan Baljiyam, ɗaya sabuwa a kwali. Duk wadda aka ɗaura, bayan 'yan makonni sai fitilar inji ta sake kunnuwa, a jona kwamfuta a ce sensar ce dai. Motar ta ƙara shan fetur, kuma ina yawan ƙara baƙin mai. Bakanikena ya ce duk sensar da ke kasuwa yanzu jabu ce. Ko in sa a cire ƙwan fitilar in huta?

Wani direba, Unguwar Rogo, Jos

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah ka bar ƙwan nan a inda yake, domin ranar da babbar matsala za ta zo, shi ne zai fara sanar da kai. Jabu kam akwai su a kasuwa, amma sensa uku a jere a mota ɗaya, ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Lafiyayyar sensa tana yin shekaru ba a taɓa ta ba. In tana mutuwa cikin makonni, wani abu ne daga cikin injin yake kashe ta, ko kuma dama ba ta mutu ba.

Aikinta shi ne shinshinar hayaƙin da ke fita, ta gaya wa burenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, shi kuma ya daidaita, don injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Motarka tana da guda biyu: ɗaya kafin tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, ɗaya bayanta.

Kwamfuta ba ta cewa "sensa ta mutu". Lamba take bayarwa, kuma lambar nake so ka riƙa rubutawa da hannunka kafin a goge. In P0171 ce, iska ce ta yi wa fetur yawa: a duba tiyon da ya tsage, ko famfon mai da ya yi sanyi, ko sensar iska da ƙurar hunturu ta toshe. In P0420 ce, indomin ce ta gaji ko an fasa an kwashe ta, kuma ko sensa goma aka ɗaura a baya, fitilar za ta dawo. In kuwa irin su P0031 ko P0037 ne, to layin hitar da ke cikin sensar ne, domin ba ta fara aiki sai ta yi zafin da ya haura digiri 300. A nan fiyus da soket da waya ake fara dubawa. Sau da yawa mai walda ne ya gyara salansa, ya bar wayar tana kwance a jikin ƙarfe mai zafi har ta narke.

Yanzu ka koma gareji ka ce a nemo maka tsofaffin da aka cire, in ba a zubar ba. Ka riƙe su a rana ka dubi bakin, wancan ɗan kokon ƙarfe mai hudoji. Baƙar kunkunniya busasshiya mai gogewa a yatsa, fetur ne yake yawa. Ɓawon toka mai kauri, fari-fari ko ruwan ƙasa, wanda sai an kankare, baƙin mai ne yake ƙonewa a cikin silinda. Fari mai tsakuwa-tsakuwa yana nuna ruwan lagireto na shiga ta gaskit ɗin kan inji. Farin gari mai laushi kamar alli kuwa gam ne, irin na silikon da ake lafta wa murfin inji maimakon a sayi gaskit. Tururinsa yana bi ta cikin injin ya rufe sensar, kuma wannan ba ya wankuwa. Jiƙa ta a fetur da goga da ake yi ɓata lokaci ne.

Daga abin da ka rubuto, zargina ya fi ƙarfi a wuri biyu. Na farko baƙin man da kake ƙarawa. In babu ɗigo a ƙasa inda motar ke kwana, to ta salansa yake fita, tokarsa kuma tana bi ta kan sensar ta wuce ta lalata indomi. Ka sa wani ya tsaya a baya da safe ka tayar, ya ga ko hayaƙin shuɗi-shuɗi ne. A fara da mai arha: ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin inji, in ya toshe ko ya maƙale yakan sa mai ya bi cikin iska. In ba shi ba ne, a cire fulogi a duba, a auna matsin kowace silinda, a gane ko zoben fistin ne ko robar bawul.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a garin nan: tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi. Ka tambayi bakanikenka ko yana nan. Motoci da yawa tun daga saukowa ake cire musu shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasashen ƙanƙara ne. Alhali an ƙera injinka ne ya yi aiki da zafi, tamostat ɗinsa ba ya buɗewa sai ruwa ya kai wajen digiri 82. Kai kuma a Jos kake, kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kana fita lodin asuba a watan Disamba lokacin da ko ruwan alwala sai an ɗumama. Injin da babu tamostat a irin wannan sanyi zai iya kai Bukuru bai gama ɗumi ba. Burenbos yana ganin sanyi, yana ta ƙara fetur, kunkunniya na taruwa a kan sensa da fulogi, fetur ɗin da bai ƙone ba na wanke jikin silinda yana cinye zobe. Ka ga shan fetur da shan baƙin mai suna iya fitowa daga tushe ɗaya. Ka lura da allurar zafi gobe: in ka yi tafiyar minti goma sha biyar ba ta kusa tsakiya ba, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan layinta na asali.

A kuma tayar da injin a saurari wuyan salansa. Ƙaramar huda kafin sensa tana zuƙo iskar waje, sensar ta ba da rahoton ƙarancin fetur alhali lafiyarta lau.

Sai an gama waɗannan za ka shiga Dilimi, wajen masu sayar da kayan mota, ka sayi sensa. A irin motarka, sensar gaba da ta baya ba nau'i ɗaya ba ne, ko da yake zaren ɗaurinsu ɗaya ne, har a kan ɗaura wannan a gurbin waccan a yanke waya a murɗe. Ka saya da lambar da ke jikin ta asali, Denso ce Toyota ke sawa, mai soket ɗinta cikakke wanda zai shiga ba tare da an yanka komai ba. In kuma gwaji ya nuna zobe ne, ka fara tara kuɗin buɗe inji, ka bar sensar da ke ciki ta ci gaba da zama har a yi wannan aikin.