Filin Lafiya: Ko allura za ta ɗaure ƙafar da ke yawan gurɗewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Shekarata 27, ina taka leda a unguwa. Shekara biyu ke nan da na yi targaɗe a idon sawuna na dama, maɗori ya ja mini, kumburi ya sauka. Amma tun daga nan ko tsakuwa na taka sai ƙafar ta gurɗe. An ce akwai allurar da ke gyara wannan ba sai an kai ga tiyata ba. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Tudun Wada, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allurar akwai ta, sai dai ba da ita ake farawa ba.

A gefen idon sawu na waje akwai jijiyoyi uku da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Idan ƙafa ta gurɗe, tafinta ya juya ciki, ta gaban ce ke fara yagewa. In ba ta warke daidai ba sai ta saki, kamar igiyar guga da ta sha ja. Kuma targaɗe yana ɓata saƙon da gaɓar ke aikawa ƙwaƙwalwa game da yadda ƙafa ta sauka, shi ya sa naman ƙwauri ke makara wajen tare ta. Wannan matsala ta biyu babu allurar da ke gyara ta, sai atisaye.

Don haka ka fara ganin likitan ƙashi, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Zai riƙe ƙwaurinka da hannu ɗaya, ya jawo dunduniya gaba da ɗayan, ya ji ko gaɓar tana zamewa fiye da ta hagu. Zai iya neman hoton ƙashi ko na MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi, domin wani lokaci guringuntsi ne ya ɓantare.

Daga nan sai sashen gashin ƙashi, na mako 6 zuwa 12. Tsaya kan ƙafar kaɗai daƙiƙa 30, sau uku. Idan ka saba ka rufe ido, daga baya ka hau kan matashin kai. Sannan ka ɗaura roba mai miƙewa a ƙafar tebur, ka saƙala ta a ƙafarka, ka riƙa turawa waje sau 15, zagaye uku. Kada ka shiga fili sai da abin ɗaure idon sawu.

Idan an yi wannan da gaske ƙafar ba ta daina ba, sai a yi maganar allura. Wadda aka fi sani ita ce furolotarafi, wadda wani likitan Amurka, George Hackett, ya yayata a shekarun 1950. Ana sirka ruwan gulukos da maganin kashe zafi har ƙarfinsa ya dawo kashi 12.5 zuwa 25 cikin 100, a zuba rabin mililita zuwa ɗaya a kowane wurin da jijiyar ta kama ƙashi, galibi ana duba wurin da na'urar sikanin. Manufar ita ce a tayar da ɗan kumburi da gangan don jiki ya sake aikin gyara. Akan yi sau 3 zuwa 6, da tazarar mako 3 zuwa 6. Ta biyu ita ce PRP: a ɗebi jininka, a juya shi a na'ura, a ware ɓangaren da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, a mayar cikin jijiyar. Ta fi tsada.

Wurin zai yi zafi kwana biyu ko uku. Ka sha farasitamol, amma ka guji ibufurofen da dikulofenak sai likita ya yarda, domin suna kashe kumburin da aka tayar don aiki.

A ganinmu allurar nan taimako ce ga atisaye, kuma binciken da ke bayanta ƙanana ne. Ta fi dacewa da jijiyar da ta saki amma ba ta tsinke ba. Wadda ta tsinke gaba ɗaya, kuma atisaye bai daidaita ƙafar ba, tiyata take so, irin wadda wani likita mai suna Broström ya bayyana a 1966, inda ake tattaro jijiyar a ɗinke ta.

TAMBAYA: Likita, ina da ciwon suga, idon sawuna kuma yana yawan gurɗewa. Wani mai kemis ya ce zai yi mini allura a gaɓar. In yarda? (Wata baiwar Allah daga Samaru)

AMSA: Hajiya, don Allah kada ki yarda. Mai yiwuwa allurar siteroyid ce, wato maganin rage kumburi. Zafi zai lafa na ɗan lokaci, amma yana raunana jijiya idan ana maimaitawa, yana kuma ɗaga sugan jini na kwanaki. Ga haɗarin shigar ƙwayar cuta cikin gaɓa, wanda ya fi muni ga mai ciwon suga: ƙafa ta yi jawur, ta ɗau zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Duk wanda ya ga haka bayan allura, asibiti zai nufa a ranar.

Gulukos ɗin furolotarafi kuwa bai taka kara ya karya ba: mililita 5 mai ƙarfin kashi 20 giram 1 ne kacal, wajen kwatan ƙaramin cokali. Amma kafin komai a gwada jin ƙafarki, domin ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji, kuma hakan kaɗai na iya sa ki riƙa gurɗewa. Ki tafi da sakamakon awon suganki na baya-bayan nan.