Jordan 1 ko Jordan 4 ga mai wuni a tsaye?

Ɗan'uwa, ka ce kambas ɗin Nike, Jordan 1 da Jordan 4, ne suka shiga ranka, ga shi kuma wuni kake a tsaye a shago. To ni dai na saka duka biyun, kuma ba na ba ka shawarar ka mayar da ko ɗaya kambas ɗin aiki.

Jordan 1 a 1985 ya fito, Peter Moore ne ya zana shi, kuma wanda ake sake bugawa yanzu kusan ginin nan ne na da. Ƙasansa roba ce mai tauri, shafal, da ɗan ƙunshin iska a ɓoye ƙarƙashin dunduniya wanda da ƙyar za ka ji shi. An yi shi ne don ɗan ƙwallon kwando ya riƙa jin ƙasan fili. Da safe lafiya lau. Amma kafin la'asar tafin ƙafa ya fara zugi, in mai dogon wuya ne kuma fatar tana cin idon sawu har sai ta saki. Kyau kam ba a magana, da kowane wando yana tafiya.

Jordan 4 na 1989 ne, aikin Tinker Hatfield. Ya ɗan fi taushi a ƙasa, sai dai yana da nauyi, kuma gabansa yana matse ƙaramin yatsa. Cire shi da dare ka ga gefen yatsan ya yi ja, har da shatin ɗinki. Mai faɗin ƙafa ya ƙara rabin lamba.

In gwanjo za ka ɗauka, nan ne sai ka buɗe ido. Soson da ke tsakiyar ƙasan Jordan 3 da 4 yana ruɓewa in ya daɗe a ajiye, ko da ba a taɓa saka shi ba. Danna shi da babban yatsa: in ya tsage ko ya yi gari kamar busasshen burodi, ajiye musu kayansu. Jordan 1 ba ya wannan, tunda robarsa a ɗinke take.

Da ni ne, Air Force 1 zan duba, na 1982. Nauyi gare shi, amma ƙasansa mai kauri ne, cikinsa da yalwa, har da yawa sukan rage rabin lamba. Converse kuwa kada ma ka fara, tsukakke ne.

In ka nace sai Jordan 1, zare shimfiɗar cikinsa ka sa mai kauri, ka sassauta igiyar sama, ka haɗa da safa mai jiki. Kuma ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka saka a ƙafa biyun ka zaga shagon kafin ka miƙa kuɗi.